Hannu a Cinya: Kwanakin Jinyata Bayan Aikin Zazzagowar Mahaifa

Lahadi, 5 ga Oktoba, 2025

Gobe za a ba ni gado, jibi a shiga da ni tiyata. Babbar 'yata ce ta sayo min wannan littafi irin na 'yan aji huɗu, ta ce, "Umma, tun da ba kya iya faɗa da baki, ki riƙa rubutawa." Ta san hali. Shekara 9 ina ɗauke da abin nan, ita da na haifa ma sai bara ta ji.

Likita ta kira shi zazzagowar mahaifa. Ni dai duk shekarun nan "abin" nake ce masa a raina. Bayan haihuwar autana ya fara, da wani nauyi a mara idan yamma ta yi. Daga baya in na zo tsarki sai in ji tsoka a bakin gaba kamar ƙwan kaza. Da safe lafiya lau, don in na kwanta komawa yake. In na yini a tsaye gaban allo, na dawo gida na hau turmin gyaɗa, kafin magariba ya leƙo. Na sha maganin basir har na gaji, saboda wata 'yar'uwa ta rantse basir ne mai tsiro. Na zauna a ruwan bagaruwa, na yi hayaƙi. A shekara biyun ƙarshe fitsari ma ba ya fita sai na sa yatsa na tura abin ciki, gefensa kuma ya yi gyambo saboda gogar zane.

Ranar da na fara ganin likitar, a bayan katina ta yi min zane. Ta ce, "Hajiya, kin san ragaya?" Na ce wa bai san ragaya ba. Ta ce to mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji ƙore ne a kan ragaya, ragayar kuwa tsoka ce da jijiyoyi a ƙasan mara. Haihuwa takwas, ta farkon ina da shekara 17 na kwana biyu a kan gwiwa a gida, ga daka, ga jan guga, ga yunƙurin bayan gida, ga al'ada ta ɗauke naman wurin ya yi laushi. Wace igiya ce ba za ta saki ba? Mataki huɗu gare shi, nawa yana na uku, kuma mafitsara ta biyo mahaifar.

An fara gwada min zoben roba da ake sawa ya tokare ta. Wasu matan shi ke riƙe su shekara da shekaru, ana cirewa ana wankewa bayan 'yan watanni. Ni sau biyu yana faɗowa, na biyun a masai. Shekarata 49, na gama haihuwa, sai muka tsaya a kan aiki. An jira gyambon ya warke da wani man shafawa, an nemi jini leda biyu a ajiye, babban ɗana da abokinsa suka bayar. Malam, maigidana, ya sa hannu a takarda bai ce uffan ba, amma na ga ya karanta ta sau biyu.

Laraba, 8 ga Oktoba

Alhamdulillahi, an yi jiya. A kwance nake rubutu, shi ya sa layin yake hawa yana sauka.

Allurar baya aka yi min. Na zauna na rungume filo na lanƙwasa, sai na ji ɗumi yana gangarawa ƙafafuna, daga ƙugu zuwa ƙasa ya zama ba nawa ba. Ina jin su suna hirarsu, wani yana ƙorafin kuɗin makarantar yara, ni kuma ina ta salati, haƙorana suna haɗuwa don sanyi. Wajen awa biyu. Ta gaba aka yi komai: aka cire mahaifar, aka ɗage mafitsara aka ɗinke bangon da ya saki, aka ɗaure saman farjin a jikin wata jijiya mai ƙarfi ta ɓangaren dama don kada shi ma ya biyo baya. Ƙwayayen haihuwa an bar min su. Cikina ko ƙwarzane babu.

Da safen nan sista ta zo cire bandejin da aka cusa don tsayar da jini. Ta ce in ja numfashi. Tana ja yana fitowa, tana ja yana fitowa, kamar ana warware rawanin dagaci. Ban san lokacin da na ce, "Sista, duk a jikina wannan?" ba. Matar gadon kusa da ni ta yi dariya har ta riƙe ɗinkinta.

Da la'asar suka tashe ni tsaye, robar fitsari a hannuna kamar jakar zuwa biki. Ba na so, amma sista ta ce kwanciya ba motsi tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, in gudan ya tafi huhu kuwa ya fi aikin kansa haɗari. Taku goma sha biyu na yi zuwa taga.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ranar Alhamis aka cire robar, fitsari ya ce bai san zance ba. Mara ta cika tam, na zauna, an buɗe famfo don in ji ƙarar ruwa, an zuba min ruwan ɗumi, sai ɗigo uku. Suka auna abin da ya rage a mafitsara suka ce ya yi yawa, aka mayar da roba. Na juya fuska bango na yi kukana. Likita ta ce kumburi ne, kuma mafitsarar da ta shekara da shekaru a lanƙwashe sai ta koyi aiki a sabon mazauni. Ana yawan ganin haka.

Yau da safe aka sake cirewa. Ya zo. Shekara biyu rabon da in yi fitsari ba tare da na sa hannu ba. Na daɗe a banɗakin ina zaune kawai, har 'yata ta ƙwanƙwasa.

An sallame mu bayan azahar. Hanyar unguwarmu kuwa, kowane rami sai da na san da shi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Zan rubuta wannan ko da ba shi da daɗin ji, domin shi ne ya fi tsorata ni, kuma ba wadda ta taɓa gaya min.

Tun daren aiki ban yi bayan gida ba. Maganin ciwo mai ƙarfin da aka ba ni a kwanakin farko yana ɗaure ciki, maganin ƙarin jini ma haka, ga rashin motsi, ga tsoro. An ce kada in yi yunƙuri ko kaɗan, yunƙuri shi ne abokin gabar ɗinkin. To ga abu ya taru, ga umarni. An haɗo ni da wani maganin ruwa mai zaƙi, laktulos, na raina shi na sha sau ɗaya na ajiye. Jiya na koma masa safe da dare, na sha ruwa kamar raƙumi, ƙanwata ta yi min miyar kuɓewa ɗanya da kwaɗon zogale, aka sayo gwanda. Tuwon shinkafa da burodi na ce a ɗaga min su tukuna.

Masanmu na tsuguno ne. Tsugunon ba shi ne wahalar ba, tashin ne. Shekaranjiya da dare na ji Malam yana waya da kafinta a zaure, jiya da hantsi sai ga kujerar katako mai rami a tsakiya an ɗora a kan masai, da bulo guda na ɗora ƙafa don gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo. Bai ce min ga shi ba, ni ma ban ce na gani ba. Shekara 32 da aure, haka muke maganarmu.

Yau da asuba Allah ya kawo sauƙi. Na jingina gaba, na saki ciki, ina hura iska ta baki kamar mai fifita wuta, yadda sista ta nuna. Da na fito ƙanwata ta kalle ni, na gyaɗa kai, ta ce, "Barka, Yaya," kamar an yi haihuwa.

Salla a zaune nake yi a kan kujera. Na aika wa malamarmu ta Islamiyya tambaya a kan jinin da nake gani kaɗan-kaɗan, ta ce ai wadda ba ta da mahaifa ba ta haila, wannan jinin rauni ne, in gyara jikina in yi alwala in yi sallata. Ta tuna min hadisin Imrana ɗan Husaini: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe.

Juma'a, 17 ga Oktoba

'Yan dubiya. Allah ya saka musu da alheri, sun kawo lemo da madara da sabulu, amma yau na gane cewa aikin da ba a tsaga ciki ba yana da nasa sharrin. Duk wadda ta shigo sai ta kalli cikina. Wata ta kasa haƙuri ta ce, "To ina ɗinkin?" Na ce yana ciki. Sai ta ce, "Au, ashe ƙaramin aiki ne." Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa tana da shaida a mara, kowa ya gani ya tausaya, ko tsintsiya ba a bari ta ɗauka. Ni ina zaune fes da ni, fuska ta washe, wa zai yarda akwai zare jere a jikina?

Yayar Malam ta zo da ƙullin bagaruwa da alif da kanwa ungurnu. Ta ce a ɗora tukunya, gashi za a yi min irin na jego, in zauna a ruwan zafi, a yi min matsi, in ba haka ba wurin zai rufe da sanyi. Na ce, "Yaya, likita ta ce kada komai ya shiga wurin har sati shida, ko yatsa. Wanka da tsarki da ruwa mai tsabta kawai, in bushe da tsumma mai kyau." Ta ce su da suka haifi goma sha ɗaya da gashin suka rayu. Ban ja ba. Na karɓi ƙullin da hannu biyu na yi godiya, yana nan a saman kwaba. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro ban faɗa ba: na lura da yadda take zama a gefen ɗuwawu ɗaya, da yadda take dafa bango in za ta tashi. Na san wannan zaman. Shekara 9 na yi ina yin sa.

Wata maƙwabciya kuma ta baza cewa yoyon fitsari aka yi min aiki a kai. Ba laifi ba ne ciwon, amma daban suke. Shi yoyon fitsari huda ce tsakanin mafitsara da gaba, galibi daga doguwar naƙuda, fitsari yana zuba dare da rana. Nawa saki ne. Uwarsu dai ɗaya, wahalar haihuwa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na yi ɓarna jiya.

Jikana mai shekara biyu ya taho da gudu ya yi tuntuɓe dab da murhu, tukunyar ruwa tana kai. Kafin tunani ya zo hannu ya riga ya tafi. Na sure shi sama na saɓa a kafaɗa, sai na ji wani abu ya ja a can ciki, kamar an tsinke zaren ɗinkin buhu. Da dare jini ya ƙaru, ja sosai, ya jiƙa ƙunzugu.

Da sassafe muka koma asibiti. Sai da muka yi awa huɗu a kan benci saboda an rasa inda fayil ɗina ya shiga, 'yata tana zarya daga wannan taga zuwa waccan. Mai jinyar ƙasan mara a kan bencin katako awa huɗu, Allah kaɗai ya san abin da na ji. Da likita ta duba ta ce ɗinkin yana nan, wani ɗan wuri ne ya buɗe a sama, kuma daman wajen sati biyu zare yakan fara narkewa a ga ɗan jini. Sannan ta ajiye biro ta dube ni.

"Hajiya, kilo nawa ne yaron?"

Na ce ban auna ba.

"Zai kai goma sha biyu. Ni kuma na ce kada ki wuce biyar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Buta cike, na yarda. Bokiti ban yarda ba. Jarkar nan mai lita 25 ko kallonta kada ki yi. In yaro yana son ki, ki zauna a ɗora miki shi a cinya."

Ta ce naman da aka ɗinke a satin nan ƙarfinsa na zare ne kawai, sai a hankali jiki yake saƙa nasa, kuma saƙar tana kai wata uku ba ta gama ƙwari ba. Ta lissafa min abin da in na gani kada in jira gari ya waye: jini mai gudaji ko mai jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, zazzaɓi, ruwa mai wari, fitsari ya tsaya, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya.

Na tambaye ta ciwon da ke cin ɗuwawuna na dama, wanda ya fi na gaban ma damuna, har na fara zargin allurar baya. Ta ce daga wurin da aka ɗaure ne a jikin jijiyar nan, yakan lafa cikin sati shida. Da na san haka tun farko da na huta da tunani.

Ban yi nadamar ɗaukar yaron ba, in faɗi gaskiya. Amma murhu ya koma bayan ɗaki yau ɗin nan.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Fitsari yana zafi tun shekaranjiya, ina zuwa kaɗan-kaɗan. An gwada, ƙwayoyin cuta ne, an ce yakan biyo bayan roba. An ba ni magani na kwanaki, zan shanye duka. Tafiya: daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa in dawo, safe da yamma. Na tsinci ɗan guntun zare a ƙunzugu, shuɗi-shuɗi. Jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ciwo ya ja baya, yanzu ne jinyar ta fara yi min wuya.

Kaka ta yi, sabuwar gyaɗa ta cika kasuwar Dawanau. Kowace shekara war haka nake sayen buhunan da zan juya har bazara, don albashin koyarwa shi kaɗai ba ya kai mu ƙarshen wata. Man gyaɗa da ƙuli-ƙulina su suka yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki. Yanzu yara suna sallama da kwalabe, "Wai a ba da mai," ana ce musu babu. Jiya na ji wata tana cewa ta koma saye a layin baya. Na san ciniki: wanda ya saba da wata ƙofa ba lallai ya dawo ba.

Ina zaune a tabarma ina kallon tsakar gida, komai yana kirana. Tsintsiya a yashe. Wanki ya jiƙa tun safe. Surukata, matar ɗana, yarinya ce mai kirki, amma tana tuƙa tuwo ina ganin gudaji tun daga nan, hannuna har ƙaiƙayi yake. Na ce mata, "'Yar nan, ki rage wuta," ta ce, "To, Umma," ni kuma na danne hannuna a ƙarƙashin cinya don kada ya tafi ga muciya.

Tun muna yara aka raine mu a kan cewa macen kirki ita ce wadda ba a ganin ta a zaune. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, takan yabi mace da cewa, "Ta haihu da safe, da yamma tana daka." Da wannan yabon na girma, shi na yi ta nema, na kuma same shi. Kwana arba'in na jego da ake cewa hutu ne, ni ban taɓa cika sati biyu ban koma turmi ba, kuma ina alfahari da hakan. Ba na zargin kowa. Ita ma haka aka yi mata, kuma in ba ta daka ba wa zai ci? Sai dai yanzu in na tuna yadda take ɗaure mara da ɗankwali tamau kafin ta ɗauki tulu a shekarunta na ƙarshe, jikina yakan yi sanyi. Ban taɓa tambayarta dalili ba.

'Yata ta zo da tata damuwar daga waya. Ta karanta cewa a watan Afrilun 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da wata raga da ake dasawa ta gaba don gyaran irin wannan ciwo, bayan mata da yawa sun koka da ciwo da ragar tana cin nama. Hankalinta ya tashi. Na ce ta duba takardar sallama. Babu raga a nawa, da naman jikina da zare mai narkewa aka yi. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ci gaba da latsa wayarta tana neman wani abin tsoron.

Talata, 18 ga Nuwamba

Sati shida cif. Likita ta duba ta ce wurin ya haɗe, komai yana inda aka ajiye shi. Ciwon ɗuwawu ya tafi tun makon jiya ban ma lura da ranar ba.

Na gaya mata abin da na ɓoye wa kowa: in na yi atishawa ko dariya mai ƙarfi, fitsari yana ɗan zubowa, abin da ba na yi kafin aiki. Na ɗauka an ɓata wani abu ne. Ta ɗauko robar ƙarin ruwa ta lanƙwasa ta, ta ce da haka hanyar fitsarina take, zazzagowar ta toshe ta, shi ya sa ba ya fita sai da dabara. Yanzu an miƙe ta, sai raunin da ke ɓoye ya bayyana. Ta tura ni sashen gashin ƙashi.

A can wata matashiya, sa'ar 'yata, ta koya min motsa tsokar ƙasan mara. Ta ce wani likitan mata ne a Amurka, Kegel, ya yaɗa shi tun 1948. In matse kamar ina riƙe tusa a cikin mutane, in haɗa da riƙe fitsari, in ja sama. Kada in riƙe numfashi, kada in matse cinya ko ɗuwawu, kada kuma in riƙa gwadawa a lokacin da nake fitsari. In ƙirga har inda zan iya, burin a kai goma, in saki in huta, sau goma. Sannan gajeru masu sauri guda goma. Sau uku a rana, kuma sai an yi wata uku ana yi kafin a yanke hukunci. Yau uku na iya ƙirgawa tsokar ta sake da kanta. Kunya ta kama ni, yarinyar ta ce, "Mama, wasu ko ɗaya ba sa kaiwa ranar farko." Na ɗaura shi a bayan sallar asuba da la'asar da isha don kada in manta.

Sannan likita ta ce a kira Malam. Ya shigo ya zauna a bakin kujera, hularsa a gwiwa. Ta ce masa, "Alhaji, an ɗage takunkumin shimfiɗa, amma sai ranar da ita ta ce ta shirya, kuma a hankali." Ta rubuta wani man da ke rage bushewa. Ta ƙara da cewa cire mahaifa ba ya rage wa mace komai a zaman aure, maganar mutane ce kawai. Ni ina kallon silin, shi yana kallon takalminsa. A mota ba wanda ya yi magana har muka wuce Kabuga, sannan ya ce, "Likitar nan ba ta da kunya." Can kuma ya ce, "Amma ta san aikinta."

Yau na yi sujada da goshina a ƙasa, karo na farko tun 6 ga Oktoba.

Alhamis, 4 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙura, ni kuma duk shekara sai ya ba ni tari. Da ba na kula shi. Bana kowane tari ji nake kamar ana buga tabarya a kan ɗinkin. An gaya min tari mai daɗewa yana cikin abubuwan da ke dawo da ciwon, don haka ban tsaya jiƙe-jiƙe ba, na je aka duba ƙirjina aka ba ni magani. Ina sa takunkumi in zan fita, na bar zama kusa da hayaƙin itace, ana yayyafa ruwa kafin shara. Yarinyar gashin ƙashi ta koya min in matse tsokar kafin tarin ya fito. In na riga shi, ba na jiƙewa. In ya riga ni, sai canjin zane.

Akwai abin da nake yi kullum da asuba wanda ban gaya wa likita ba. In na zo tsarki sai na tsaya na taɓa, ina jiran in ji ƙwan kazan nan. Ba ya nan. Gobe ma zan taɓa. Ta faɗa min ba ɓoye-ɓoye cewa aikin ba alkawari ba ne, akwai matan da abin yake dawo musu bayan shekaru, wani lokaci ta wani bangon daban. Ta ce abin da ke hannuna shi ne nauyi, da tari, da bayan gida, da ƙiba. Na rage kilo biyu, saura da yawa.

Ƙirgar matse tsoka ta kai shida.

Talata, 30 ga Disamba

Sati goma sha biyu. Ina tafiya har kasuwar unguwa in dawo ba nauyi a mara. Ina shara da doguwar tsintsiya, ina girki, ina wankin kayana a zaune a kan kujera, wani ya ɗebo ruwan wani ya zubar. Zubar fitsarin ta ragu sosai, sai in atishawa ta zo a jere. Ƙirga takwas, wani lokaci tara. Maganar shimfiɗa kuwa, tsoro ya fi ciwon yawa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan, littafin nan yara suna iya ɗauka.

Likita ta ce in koma aji in an buɗe makaranta a Janairu, in riƙa zama tsakanin darasi. Jarka da buhu da turmi kuwa ta ce mu yi sallama ta har abada. Na ce, "Likita, sana'ata ce." Ta ce, "Ki zama uwar ɗaki, Hajiya. Ki sa a yi." Za ta sake ganina bayan ƙaramar salla.

Yayar Malam ta zo ranar Lahadi. Muna zaune mu biyu a ɗaki, ta yi ta zagaye-zagaye, ta tambayi yara, ta tambayi sanyi, sannan ta ce, "Wai ita likitar taku, kullum take zama?" Na ce Talata da Alhamis. Ta ce wata ƙawarta ce take tambaya. Na ce ta gaya wa ƙawar ta zo da wuri, layi yana da tsawo, in tana so ma in raka ta. Ta ce za ta faɗa mata. Da za ta tashi ta dafa bango, na miƙa mata hannu, sai na tuna nauyinta ya fi kilo biyar, na ƙwala wa surukata kira.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

An yi mai yau, karo na farko tun Satumba. Gyaɗar ta riga ta yi tsada, rabin buhu kawai na iya saya, mai baro ya kawo har tsakar gida. Na ɗauki 'yan mata biyu daga maƙwabta da lada. Su suka soya, suka murje, suka fece, autana ya kai inji ya dawo da ita. Ni ina kan kujera da butar ruwan zafi, ita kaɗai ce aikina: in tsiyaya kaɗan, in ce a juya, in tsiyaya, in ce a juya. Suna gajiya da wuri, suna tsayawa kafin tunkuzar ta yi ƙarfi ta saki man da ke cikinta. Sau biyu na miƙe tsaye ban sani ba, sau biyu autana ya ce, "Umma," na koma na zauna.

Ƙuli-ƙulin ya yi daɗi, har ya fi nawa taushi, don man da ya rage a ciki. Mai ya fito kwalba goma sha ɗaya. Da hannuna ne sha uku zai yi. Na ƙirga sau biyu, na biya yaran, na ce su dawo Asabar mai zuwa da hantsi.